IDAN ƊAN KWANGILA YA NAƊE TABARMARSA, WA ZAI RIƘE NA'URA?

Garin Daddara yana bakin titin nan da ya tashi daga Katsina ya nufi Jibiya, cikin Ƙaramar Hukumar Jibiya. Manyan motocin da ke ɗauko kaya daga Kano ko Katsina za su Maraɗi ta wannan hanya sai sun ratsa shi kafin su kai Magama, inda ma'aikatan kwastan suke, daga can kuma sai Ɗan Isa cikin Jamhuriyar Nijar. Saboda haka mutanen wannan yanki ba sa bukatar wani ya yi musu bayanin abin da kan iyaka yake nufi ga tukunyar gida. Sun gani da idonsu lokacin da Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa cikin watan Agusta na 2019, ba a kuwa buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu na 2022. Sun sake gani bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, sa'ad da aka sake garƙame ta har zuwa Maris na 2024.

To, amma akwai wani al'amari na kan iyaka wanda ba a cika jin sa a bakin direbobi da 'yan dako ba, ko da yake yana taɓa su. Shi ne na na'urorin da gwamnati kan sawo da kuɗi masu yawa domin sauƙaƙa aiki, su yi 'yan shekaru suna aiki lafiya lau, sannan ranar da kamfanin da ya kawo su ya tattara nasa ya nasa ya tafi, sai su zama kamar marayu. Jibiya tana da nata rabon a wannan labari.

KWANGILAR SHEKARA BAKWAI

A farkon 2006, zamanin mulkin Cif Olusegun Obasanjo, Nijeriya ta bar tsarin duba kaya tun a ƙasar da aka sawo su, ta koma duba su bayan sun iso gida. Aka raba aikin ga kamfanoni uku, watau Cotecna da SGS, dukansu na ƙasar Suwizalan, da kuma Global Scan na nan gida. Kason da ya faɗa wa Cotecna ya ƙunshi tasoshin jiragen ruwa na Apapa da Tinkan a Legas, da filayen jirgin sama na Kano da Abuja, da kan iyakar Banki a Jihar Borno, da kuma ta Jibiya. Sharaɗin kwangilar shi ne kamfani ya sawo na'urorin haska kaya da kuɗinsa, ya kafa su, ya gudanar da su shekara bakwai, ya horar da ma'aikatan kwastan, bayan nan ya miƙa kome ga gwamnati. Ana biyansa daga harajin nan na kashi ɗaya cikin ɗari da ake ɗora wa kayan da aka shigo da su.

Wa'adi ya cika a ƙarshen 2012, aka yi ƙari har sau biyu, sannan ran 1 ga Disamba 2013 Hukumar Kwastan ta karɓi aikin, a lokacin tana hannun marigayi Alhaji Abdullahi Dikko Inde, wanda shi ma ɗan Jihar Katsina ne. An yi murna, an kuma ce ƙasa ta tsira daga biyan baƙi kuɗin aikin da 'ya'yanta za su iya.

Murnar ba ta daɗe ba. Cikin 'yan shekaru kaɗan sai na'urorin suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ga a manyan tasoshin Legas an koma gidan jiya, watau a buɗe kwantena, a sauke kaya, a duba da ido da hannu. Ɓangaren kwastan ya ce an miƙa masa na'urori da suka riga suka gaji. Kamfanoni kuma suka ce lafiyarsu ƙalau ranar da suka miƙa su. Kowa da hujjarsa, na'ura kuwa tana zaune ƙura na hawa. Cikin Janairu na 2017 aka tare wata kwantena a kan titi a Legas ɗauke da bindigogi 661, bayan ta riga ta fito daga tashar jirgin ruwa. Sai a 2021 aka sake shigo da sababbin na'urori uku domin Apapa da Tinkan da Onne. Mai karatu da ke zaune a yankin da 'yan bindiga suka hana manoma sakat ba ya bukatar a gaya masa abin da rashin duba mota da kyau kan haifar.

Ya kamata a fahimci irin na'urar da ake magana a kanta. Ita dai 'yar'uwar injin ɗaukar hoton ƙashi ce na asibiti, sai dai ƙarfinta ya ninka nasa nesa ba kusa ba, domin haskenta yana ratsa ƙarfe mai kauri ya nuna abin da ke cikin tirela cikin 'yan mintoci, aikin da zai ci wa 'yan dako sa'o'i. Cikinta akwai sassan da ke ƙonewa bayan sun yi wasu sa'o'i na aiki, tilas a sauya su. Tana son wutar lantarki wadda ba ta rawa, tana son sanyi, ba ta shiri da ƙurar hunturu. Uwa uba kuma, rabinta kwamfuta ce: kwamfuta ce ke harhaɗa hoton, ita ke nuna wa ma'aikaci, ita ke ajiye shi. Manhajar da ke cikinta kuwa sirrin kamfanin da ya ƙera ta ne, ba wanda ya isa ya buɗe ta sai da izininsa. Ke nan ranar da yarjejeniyar kula da ita ta ƙare, abu uku ne suke tafiya tare: hanyar samun kayan gyara, da mabuɗin manhaja, da mutumin da ya san kanta. Na ukun nan shi ya fi wuyar mayarwa.

BA MU KAƊAI BA NE

Kada a ɗauka wannan cuta ta Nijeriya ce ita kaɗai. Masu riƙe da manyan kwamfutoci na duniya, waɗanda ake lissafin yanayi da binciken magunguna da neman man fetur da su, sun sha faɗawa irin wannan rami, kuma yadda suka fita yana da amfani a sani.

Babbar kwamfuta ta wannan zamani ba wani dodo guda ɗaya ba ne. Gungu ne na ɗaruruwa ko dubban kwamfutoci, an jera su cikin dogayen akwatunan ƙarfe masu tsawon mutum, an haɗa su da wayoyi masu saurin gaske, sannan aka sa wata manhaja tana raba musu aiki, kamar yadda sarkin noma kan raba kunya ga 'yan gayya. Wannan dabara ta bazu ne tun 1994, lokacin da Thomas Sterling da Donald Becker na hukumar NASA ta Amurka suka haɗa kwamfutoci 16 irin na kasuwa suka sa su aiki tare. Kafin nan sai dai a je wurin kamfani guda a sayi injinsa da manhajarsa da injiniyansa gaba ɗaya. Tsofaffin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya za su tuna da injin nan Cyber 72 na kamfanin Control Data, wanda ake kai wa aiki a kan katuna masu huji a cibiyar da yanzu take ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar. Kamfanin Control Data, duk da girmansa, ya tarwatse a 1992.

Ba shi kaɗai ba ne. Silicon Graphics ya karye a 2009. IBM ya sayar wa Lenovo na ƙasar Sin wani babban sashe na cinikin injinansa a 2014. Cray, wanda sunansa ya zama kamar kirari a wannan fage, ya koma hannun HPE a 2019. Duk lokacin da aka yi irin wannan ciniki, akwai jami'o'i da cibiyoyin bincike da za su wayi gari su tarar wanda suka ƙulla yarjejeniya da shi babu shi, sabon mai gida kuma hankalinsa na wani wuri.

Labarin da ya fi dacewa da mu shi ne na wata kwamfuta mai suna Ranger. Kamfanin Sun Microsystems ne ya haɗa ta wa Jami'ar Tekzas da ke Ostin a Amurka, aka ƙaddamar da ita cikin Fabrairu na 2008. Tana da injina 3,936 masu ɗauke da ƙwayoyin lissafi 62,976, tana iya lissafi kimanin tiriliyan 579 cikin daƙiƙa guda, a lokacin kuwa tana cikin 'yan ƙalilan da suka fi ƙarfi a duniya. Ba ta cika shekara biyu da fara aiki ba sai kamfanin Oracle ya saye Sun, cinikin ya kammala a Janairu na 2010, Oracle kuwa ba shi da sha'awar wannan irin kasuwa. Manhajoji biyu da Ranger ta dogara da su, watau Lustre mai kula da rumbun ajiya da Grid Engine mai raba aiki, duk na Sun ne. Abin da ya cece su shi ne tun da farko asirinsu a buɗe yake, kowa na iya karantawa ya gyara. Sai injiniyoyin da suka san Lustre suka fita suka kafa nasu kamfani mai suna Whamcloud a 2010, cibiyoyin da ke amfani da ita kuma suka haɗa ƙungiya suna zuba kuɗi domin a ci gaba da raya ta. Masu Grid Engine su ma suka koma wani kamfani, Univa, a 2011. Ranger ta ci gaba da aikinta har ta cika shekara biyar ɗin da aka ɗiba mata, aka kashe ta a 2013.

TSOHUWAR DA TA SAKE AURE A AFIRKA

A al'ada daga nan sai bola. Amma sai aka kwance ta, aka loda wasu daga cikin akwatunanta a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Kudu, inda akwai wata cibiyar manyan kwamfutoci ta gwamnati da ake kira CHPC a birnin Keftawun. Mutanen cibiyar ba su yi ƙoƙarin tayar da ita yadda take a da ba, domin Ranger sukutum tana shan wuta aƙalla megawat 2, abin da ba kowace jami'a ke iya ɗauka ba. Sai suka rarraba ta ƙanana-ƙanana, aka ba jami'o'i a Afirka ta Kudu da Botsuwana da Tanzaniya da wasu ƙasashen kudancin nahiyar. Da aka kashe magajiyarta Stampede a 2017, ita ma wani sashenta ya biyo wannan hanya.

Waɗannan injina sun iso ba garanti, ba lambar wayar da za a kira idan sun tsaya, kamfanin da ya ƙera Ranger ma babu shi a duniya. Duk da haka sun yi aiki. Yadda aka yi kuwa ba wani sihiri ba ne, kuma duk bakaniken da ya taɓa riƙe gareji zai gane shi nan take.

Da farko akan ware wasu injinan a ajiye su gefe, ba don a kunna su ba, sai don a riƙa cire musu sassa. In fankar wani ta mutu, ko abin da ke ba shi wuta ya ƙone, sai a ciro na ɗan'uwansa a sa masa. Haka makanikan Arewa suka riƙe fijo 504 shekara da shekaru bayan masana'antar Kaduna ta daina harhaɗa ta: a yanka mota guda domin a rayar da biyar. Amfanin gungu ke nan a kan injin da yake dunƙule guda. Idan goma suka mutu cikin ɗari, casa'in na nan suna aiki.

Sannan akan share manhajar kamfani gaba ɗaya a ɗora wadda take ta kowa da kowa. Linux ita ce ginshiƙi, Slurm ta karɓi aikin raba ayyuka, tun daga 2015 kuma akwai wani tari da ake kira OpenHPC, wanda ya tattaro duk abin da ake bukata wuri guda tare da littafin da ke nuna yadda za a kafa shi mataki-mataki. Wannan aiki yana da wahalarsa. Wani lokaci sabuwar manhaja ba ta san tsohon katin sadarwa ba, sai an yi ta laluben tsohon direbansa. Wani lokaci kuma akwai ƙaramar manhaja da ke manne cikin ƙarfen kanta, wadda ba mai sabunta ta sai kamfani, ita kam sai dai a killace injin daga intanet a yi haƙuri da ita. Akwai kuma ranar da lissafi zai nuna kuɗin wutar da tsohon inji ke sha ya fi na sayen sabo, ranar nan mai hankali sai ya haƙura ya kashe shi.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne cibiyar ta Keftawun ta ɗauki horar da mutane a matsayin rabin kyautar. Wanda za a ba inji sai ya turo ma'aikatansa sun koyi kafa shi daga tushe da hannunsu, su rushe, su sake kafawa. Masu riƙe da injinan a ƙasashe dabam-dabam kuma suka zama kamar 'yan adashi, wanda ya maƙale ya tambayi 'yan'uwa. Ɗaliban Afirka ta Kudu da wannan cibiya ta horar sun je gasar haɗa gungun kwamfuta ta duniya da ake yi a Jamus, suka zo na ɗaya a 2013 da 2014 da 2016 da 2019, a gaban ɗaliban Amurka da Sin.

Ko manhajar kowa da kowa ma takan yi maraici, sai dai nata ba ya daɗewa. Cikin Disamba na 2020 kamfanin Red Hat ya ba da sanarwar cewa CentOS 8, wadda dubban cibiyoyi suka dogara da ita bisa alkawarin za a kula da ita har 2029, za a sake ta a ƙarshen 2021. Hankali ya tashi ƙwarai. Amma kafin shekara ta zagayo, Gregory Kurtzer, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CentOS tun asali, ya fito da Rocky Linux, wasu kuma suka fito da AlmaLinux, jama'a suka yi ƙaura zuwa gare su. Da manhajar a kulle take, da sai dai a rungume hannu.

INDA BAMBANCIN YAKE

Gaskiya ne ba za a kwatanta na'urar haska kaya da gungun kwamfuta ta kowace fuska ba. Ita na'urar haska kaya tana fitar da haske mai cutarwa, doka ma ba ta yarda kowa ya taɓa ta ba sai da lasin hukumar kula da sha'anin nukiliya ta ƙasa, sassanta kuma ba a samunsu a Kasuwar Sabon Gari. Ba wanda zai ce a kira bakanike daga Ƙofar Ruwa ya kwance ta. To, amma wannan ma shi ya sa ya wajaba a yi shirin ranar rabuwa tun ranar ɗaurin aure. Shekara bakwai aka yi ana sane da ranar da kamfanoni za su tafi, har da ƙarin wata goma sha ɗaya. Lokacin ya isa a ƙulla yarjejeniyar kula da na'urorin kai tsaye da masana'antar da ta ƙera su, a tara kayan gyara a sito, a sa kuɗin kulawa cikin kasafin kowace shekara, a kuma ware injiniyoyin da ba za a riƙa yi musu canjin wurin aiki ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a hukuma irin ta kwastan, inda ma'aikaci kan kwana a Jibiya takarda ta tashe shi zuwa Seme. Mutanen Keftawun sun karɓi injin da ya riga ya tsufa suka rayar da shi. A nan kuwa an karɓi na'urori da kwangila a rubuce da wa'adi sananne, suka mutu a hannu.

Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne ɗabi'ar nan ta son sabo. Sayen sabuwar na'ura yana zuwa da bikin yanke ƙyalle da hoto a jarida. Sauya fanka da biyan kuɗin gas na janareta ba su da biki, ba kuma a rubuta sunan kowa a jikin allo dominsu.

Maganar ba ta tsaya kan na'urar haska kaya ba. Duk takardar fito da ake cikewa a Magama, a kan wata babbar kwamfuta da ke nesa take sauka, idan kuwa ta tsaya, motoci sai su yi layi komai gaggawar mai kaya. Nijeriya ta fara da manhajar ASYCUDA ta hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya, daga 2006 kamfanin Webb Fontaine ya riƙe wannan ɓangare, har ya kawo NICIS II wajen 2017. A 2022 gwamnati ta sa hannu kan wata sabuwar yarjejeniya ta shekara 20 domin zamanantar da aikin kwastan, cikin Oktoba na 2024 kuma hukumar, ƙarƙashin Alhaji Bashir Adewale Adeniyi, ta fara gwada wata manhaja mai suna B'Odogwu a Legas, wadda ta ce ta gida ce. Idan har ta gida ce da gaske, watau asirinta yana hannun hukuma kuma akwai 'yan ƙasa da za su iya buɗe ta su gyara, to an yi gaba. Tambayar da ta kamata 'yan majalisa masu wakiltar Jibiya da Kaita da Batsari su riƙa yi ita ce wa ke riƙe da mabuɗin, kuma ma'aikata nawa ne za su iya tayar da tsarin daga tushe idan aka wayi gari ɗan kwangila ba ya nan.

Ga kuma titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa cikin Fabrairu na 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, kuma zai ratsa Jibiya. Jirgin ƙasa na zamani ba ƙarfe da taragu kaɗai ba ne. Alamun hanya da sadarwa da sayar da tikiti duk kwamfuta ke tafiyar da su, kowanne da manhajar kamfaninsa da wa'adin garantinsa. Jami'o'in da ke kusa, ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina da ta Tarayya a Dutsin-Ma da ta Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi, duk suna yaye ɗaliban kimiyya kowace shekara. Gungu ƙarami na tsofaffin injina ashirin, irin wanda aka ba jami'o'in kudancin Afirka, ya isa a koya wa ɗalibi yadda ake kafa tsari, a rushe shi, a sake tayar da shi ba tare da an kira kowa daga ƙetare ba, kuma ɗaki guda mai sanyi da wutar rana mai ƙarfi sun isa su riƙe shi.